Ƙarfen da Ba Na Gogewa

Zulai 'yata, ki rubuta yadda na faɗa, kar ki yi mini kwalliyar 'yan boko. Na ba ku labarin aurena, na ba ku na zuwana Makka, duk kun ji ni kaina a sama. Wannan karon kan nan ƙasa zai yi. Jikokina sun dame ni da tambayar ƙarfen nan mai tsatsa da ke zaune a tsakiyar jeren tukwanena, kuma ko a makon jiya na ji wata a unguwa tana ba da labarinsa a karkace, tana ɗora wa mutumin da bai ji ba bai gani ba. To ga yadda aka yi, daga bakin wadda ta yi.

Ni Tabawa ban taɓa shiga aji ba, amma duk unguwarmu ta Kwararafa a Jos an san ni da tukunyata. Uwata wankin kuza ta yi tun Turawa suna nan, ita ta nuna mini ba abin da ke fito da hasken ƙarfe kamar lallausan yashin bakin tsofaffin ramukan kuza, mai baƙi-baƙin nan da ke walƙiya. A tankaɗe shi, a haɗa da toka, a sa tsumma da ƙarfin hannu. Tun ina amarya nake aikawa a ɗebo mini shi a buhu. Mata kan ce wadda madubinta ya fashe ta je gindin tukunyar Hajiya ta ɗaura ɗankwali, ni kuwa in yi kamar ban ji ba, alhali maganar har ɓargona take shiga. In na je gidan biki, gindin tukunya nake fara dubawa kafin fuskar matar gida. Na raina mata da yawa a kan wannan, Allah ya yafe mini.

Garejin ƙofar gidanmu mahaifinku Malam ne ya kafa shi, bayan ya bar gyaran motocin kamfanin kuza. Wanda ya fara koyon aiki a hannunsa shi ne Dung, mutumin Kuru, Birom ne kuma Kirista. Ya zo mana gemu bai fito masa ba, a garejin nan ya yi furfura. Shi ya riƙa saɓa ɗana na fari a wuya, wanda kuke ce wa Abba, shi ya fara danƙa masa sifana. Yana da kwanonsa mai murfi a gidana, ba mai ci a ciki sai shi. Hausarsa ta Jos ce, har yau "ka" yake ce mini, na gyara na gaji na bari. A lokutan da gari ya yamutse, mutane suka koma zama unguwa-unguwa kowa cikin nasa, Dung bai fasa zuwa aiki ba ko sau ɗaya. Da Malam ya rasu gareji ya koma hannun Abba, amma "Yaya Dung" yake ce masa, kuma in injin ya gagara, kunnen Dung ake jira.

Cikin daminar shekarar da nake ba ku labari, wani saurayi daga unguwar Rayfield, Injiniya ake ce masa, ya kawo wata mota ja mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa da ita, sai da aka shimfiɗa katako kafin ta haye kwalbatin gareji. Irin motar da ake kai wa Abuja gyara ce, amma ya ce shi ya yarda da hannun 'yan garinsu. Da yamma sai ga Abba ya kinkimo kwali biyu ya shigo ɗakina, don rumfar gareji tana yoyo, ga masu ɗauke-ɗauke.

"Inna, turbo ne guda biyu, daga waje aka yo odarsu, wata uku ana jira. Don Allah kar kowa ya taɓa."

"Mene ne kuma turbo?"

"Kin san zugazugin maƙera?"

"Ni za ka tambaya? Kakanka na wajen uwa maƙeri ne."

"To shi ne. Hayaƙin da ke fita ta salansa yana juya wata 'yar farfela a ciki, ita kuma ta hura wa injin iska, gudu ya ƙaru. Motar da ƙanana biyu ta zo, za mu cire mu sa waɗannan manyan."

"Ina za shi da wannan gudun? Korarsa ake yi?"

Ya yi dariya ya tura su ƙarƙashin gadona. Na ji ya ce kar kowa ya taɓa, amma a tunanina da yara da baƙi yake. Ban saba a kafa doka a gidan nan ta hau kaina ba.

Kwana uku bayan haka ina shara na ga ɗigon mai a ledar ɗakina, ya naso ta gindin kwali. Na jawo na buɗe. Abin kamar ƙaton dodon koɗi yake, ya kai girman tukunyar miya, rabi baƙin ƙarfe rabi fari irin na silba, kowane baki an toshe shi da jan murfin roba. Amma ƙazanta! Duk jikinsa maiƙo ne, ya dushe kamar kwanon da aka ci alale aka bari ya kwana. Kuma na ji ana cewa gobe Injiniya zai zo ganin kayansa. Na ce a raina, a ce daga ɗakin Tabawa aka fito wa ɗan mutane da abu yana naso? Ba a rayuwata ba. Na kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa bayan madafi, na ciccire marufan, na zauna da yashina da tokata tun hantsi har azahar. Akwai wani ɗan rami a tsakiyar kowanne inda maiƙon ya fi taruwa, yatsa ba ya shiga. Na naɗa tsumma a kibiyar kitso, na dangwali yashi, na murza a ciki sosai. Na ɗauraye sau uku, rana ta ɗan leƙo na shanya su a tabarma, na mayar da marufan, na mayar cikin kwali. Wallahi sai da na tsaya ina kallon fuskata a jikin farin.

Washegari ina bayan labulen zaure aka buɗe su a kan tebur. Injiniya ya ce kai, ya fito da waya yana ta ɗaukar hoto. Ni kuwa ina ta kumbura, saura kaɗan in leƙo in ce aikina ne. Sai na ji muryar Dung.

"Abba, wannan ba maiƙo. Sabo da maiƙo yake zuwa, shi ke tsare cikinsa."

"Yaya Dung, kayan zamani ne, ba irin na zamanin Baba ba. Ga marufansu nan a rufe."

Aka yi dariya aka wuce. Da Abba ya shigo cin tuwo na kewaya na ce, wai in 'yar ƙura ta shiga abin nan fa?

"Ƙura? Inna, sandar da ke tsakiyarsa a kan baƙin mai take yawo, ba ta taɓa ƙarfe, kuma gudun da take yi ido ba ya gani. Ƙwayar yashi ɗaya in ta bi ramin mai ta isa ta kashe shi. Shi ya sa na kawo ɗakinki. Duk Jos ina aka fi nan tsafta?"

Ya faɗa yana murmushi, yana kai loma. Saura kaɗan in faɗa masa gaskiya. Da na faɗa a lokacin, wanke su za a yi da fetur a hura, shi ke nan, iyaka a yi mini dariya kwana biyu. Dariyar ce na kasa ɗauka. A ce Hajiya Tabawa ta goge kayan mota da toka kamar baƙauyiya, a riƙa faɗa a gidan suna? Na ce masa Allah ya yi albarka, na ƙara masa miya. Na gaya wa kaina ai sau uku na ɗauraye.

Kwana biyar suka yi suna aikin, kullum ina zaure ina leƙe. Na ga an fitar da tsofaffin, baƙi ƙirin. Na ga an sa sababbin bututai masu kauri. Wankin bututan da ke kai baƙin mai cikin turbo aikin Dung ne, kuma na gan shi da idona: ya wanke da fetur, ya hura da iska, ya ɗaure bakin kowanne da leda, ya rataye a ƙusa. Bai taɓa ajiye ko ɗaya a ƙasa ba. Kafin a ɗaura, ya ɗura mai da sirinji a ɗan ramin nan da na murza wa kibiya, ya juya farfelar da yatsa. Abba kuma yana zaune a kujerar direba da kwamfuta a cinya. Ranar da aka tayar da ita rabin unguwa ya taru. Ta yi gurnani, sannan wani siririn fito ya biyo baya, mai daɗi, kamar tana zuƙar iska ta haƙori. Na ce Alhamdulillahi, ruwa ya wanke komai. Ki rubuta wannan ma: har guɗa na yi.

Ranar Asabar da safe Abba da Injiniya suka fita gwada ta a hanyar Kuru. La'asar sakaliya sai ga ta a bayan janwe. An ce sun wuce Bukuru kenan aka taka ta, fiton nan ya koma kuka, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe hanya. Injiniya bai yi zagi ba, da ma ya yi. A gaban jama'a ya ce:

"Oga Abba, kowa ya ce in kai ta Abuja, na ce a'a, Jos ma akwai hannu. Na gode."

Ya sa aka kwance matattun turbon ya bar musu, janwe ya wuce da motar. Ranar Litinin suka warware ɗaya a kan farin tsumma. Na fito da abincin rana, kwanon Dung a hannuna, na tarar ana tsaye cirko-cirko. Sandar nan ta tsakiya duk ta zazzage kamar an ja ta a kan dutse. Dung ya lakaci baƙin da ke ciki, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci. Abba ma ya lakata.

"Yashi ne. Yashi a hanyar mai! Wa ya wanke bututu?"

Dung ya ɗago ya dubi kwanon da ke hannuna, yana ta ƙyalli a rana, sannan ya dubi hannun nawa. Bai dubi fuskata ba.

"Dung, da kai nake! In tsufa ya kama ka, ka faɗa. Sunan ubana ne a allon nan, ka zubar da shi a titi."

Tun da ya iya magana ban taɓa jin ya kira shi Dung gatsau ba sai ran nan. Ina tsaye, tsakanina da su bai fi taku huɗu ba, bakina yana nan, harshena lafiya lau. Dung ya goge hannu a tsumma a hankali.

"To. Ni ne."

Ya tuɓe rigar aiki ya ninke, ya ɗauki akwatin sifanun da Malam ya ba shi, ya ce mini, "Mama, sai wani lokaci." Na koma ciki da kwanon ban buɗe ba.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan muni. Magana ta zaga unguwa, kuma da ta dawo ba sakaci ake cewa ba, ganganci ake cewa. Wai baƙin ciki ne don ba shi aka bar wa gareji ba. Wai ai dama ba a sakin jiki da wanda ba naka ba. A wani gidan suna wata ta dafa ni ta ce, Hajiya, shekara da shekaru kuna ciyar da shi, ga sakayya. Ban ce e ba. Amma na yi ajiyar zuciya na girgiza kai, kuma na san yadda za ta fassara. Mutumin da ya riƙa ratso gari yana zuwa mana a ranakun da ko ɗan'uwa ba ya leƙo ka, ni na tsaya aka yi masa wannan shaidar don kar a yi wa tukunyata dariya. Wata biyar ina sallah da abin nan a ƙirjina. Abba ya rame, manyan motoci suka daina zuwa, ya daina hira, in injin ya gagara sai in ga ya waiga inda Dung ke tsayawa.

Duk Kirsimeti matar Dung, Kaneng, takan kawo mana shinkafa da naman da suka sa mahaucin Musulmi ya yanka, mu kuma mu kai musu da Sallah. A shekarar nan na tabbata ba za ta zo ba. Sai ga sallamarta da hantsi, da kular abinci a kai. Na rasa inda zan sa idona. Na tambayi maigidan, ta ce lafiya lau, yana gyaran injin ban-ruwa na masu dankali a bakin hanya.

"Mota fa?"

"Mama, wa zai ba shi mota? Magana ta riga shi isa Kuru."

Ta faɗa ba da fushi ba, tana juye mini shinkafa. Ban iya cin ko cokali ba. Kwana biyu bayan nan na yafa mayafi na ce za ni dubiya, na hau motar haya ni kaɗai.

Na same shi a wata 'yar rumfar kwano, ya tsuguna gaban injin ban-ruwa, sanyin Kuru yana kaɗawa. Ya miƙe da sauri ya goge mini benci da hularsa.

"Mama! Kai kaɗai ka zo? Lafiya?"

Na ƙi zama a bencin. Ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba bayan iyayena da Malam, na durƙusa a ƙasar nan mai baƙin mai, na faɗa masa komai, har kibiyar kitso. Ya yi ta cewa in tashi, mutane suna kallo. Da na gama ya yi 'yar dariya.

"Na sani, Mama."

"Ka sani?"

"Yashin kuza ne da toka. Mamana ta yi dakon yashin nan a kai har gashinta ya ƙare. Ina murzawa na gane. Kuma shekara nawa ina ci a kwanonka? Na san hasken hannunka."

"To don me ka ce kai ne?"

"In ce wa yaro mamansa ne, a gaban mutane? Da wane baki? Na ce bari in ɗauka kwana biyu, Mama zai faɗa da kansa." Ya sunkuya ya ɗauki sifana, yana jujjuya shi. "Na jira. Sati ɗaya, wata ɗaya. Daga baya na daina jira."

Wannan maganar ta fi mari. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tuntuni, don abincina yana jikinsa.

"Amma ba ni za ka gaya wa ba, Mama. Ni na sani. Wanda bai sani ba yana gida."

Da safe na fita gareji. Ban kira Abba ɗaki ba, don ba a ɗaki aka ci mutuncin Dung ba. Na tsaya inda na tsaya da kwano ran nan, akwai masu kawo gyara, akwai masu shagunan maƙwabta, na ɗaga murya na faɗa tun daga ɗigon mai har guɗa. Wani ya fara dariya da na zo kan kibiya, sai ya ga ba mai taya shi. Dariyar da na sayar da mutum don gudunta kenan, ko minti ɗaya ba ta yi ba. Abba ya zauna a kan taya, ya riƙe kai. Can ya ce:

"Inna, wata biyar?"

Har yau bai taɓa tayar mini da zancen ba. A ranar ya tafi Kuru, ya durƙusa, ya ce Yaya Dung ya dawo, gareji nasu ne su biyu. Dung ya ɗaga shi, ya rungume shi, suka ci abinci tare. Amma bai dawo ba. Ya ce ya saba da masu dankali, kuma ƙafarsa ta yi nauyi da hanyar Jos. Mun san ba ƙafa ba ce. Ana gaisawa, shinkafa tana zuwa, naman Sallah yana tafiya, in injin ya gagari Abba yakan kira shi ya kara masa waya a jikin injin ya saurara. Kwanonsa kuwa yana nan a kife, ban ba kowa ba.

Ni na roƙi Abba ya ba ni ɗaya daga cikin matattun turbon. Ya dube ni kamar zai tambaya, ya fasa, ya sa aka kawo. Na ɗora shi a tsakiyar jerena, tsakanin babbar tukunyar biki da ta tuwo, inda duk mai shigowa zai fara gani. Damina ta bi ta kansa, tsatsa ta ci baƙin, farin ya dushe ya fi yadda na same shi muni. Duk ranar Alhamis nakan sauke tukwane in goge, in na zo kansa hannuna har ƙaiƙayi yake, in tsallake. Mata in sun shigo sukan ce, Hajiya, wannan ƙazamin fa, a cikin kayanki? Sai in ce su zauna, in ba su labari, da sunan Dung a ciki.

Zulai, in na mutu ku raba tukwanen yadda kuka ga dama. Wannan a bar shi a gidan, kuma kar wadda ta sa masa toka.